Akushin Tasalla Da Karnukan Jibo

Dalilin da ya sa kare ba ya yanke wa mutum hukunci sai ya shinshina hannunsa, shi zan gaya muku yau. Ku matso nan gindin darbejiya. Kai Sagiru, mijin nawa, jefar da dutsen nan. Tun ɗazu nake kallonka kana auna karen sabon maƙwabcinmu ta ƙofar gida. Ragon miji kawai, da ya yi haushi sau ɗaya za ka faɗo mini a cinya!

A zamanin da, lokacin da dabba ke buɗe baki ta yi magana idan ta ga dama, kare da ido yake gane mutane, ba ruwansa da shinshine-shinshine sai a wajen farauta. A wani ƙauye akwai gidaje biyu da zana ɗaya ta raba. Ɗaya na Jibo maharbi ne da matarsa Yalwa, ɗaya kuma na wata mata Tasalla mai daddawa da 'ya'yanta biyu, Ɗanlami da ƙanwarsa Kuluwa.

Gidajen nan suna ciyayya. Ku 'yan yanzu ba ku san ta ba. Idan an sauke tuwo, akushin farko ba na mai gida ba ne, na maƙwabta ne. Yaro ya kai, a juye, a zubo masa na can ya dawo da shi. Mu ma mun taras da ita, wallahi har yau ina jin ƙamshin miyar gidan da ke bayan namu a hancina. Doka ɗaya ce: ba a mayar da akushi babu komai.

To, ran nan Ɗanlami ya kai tuwo da miyar kuka, sai ga shi ya dawo da akushi a wanke tas, ko loma babu.

Tasalla ta leƙa ciki ta ce, "Au! Haka Yalwa ta yi mini? Tuwona ne bai kai a rama ba?"

Ba ta tambaya ba, ba ta kuma aikawa ba. Ta kife akushin a kan rumbu, ta hana yaranta leƙa gidan Jibo. Ita ma Yalwa ta yi gum. Gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu daga nesa, daga baya gaisuwar ma ta mutu.

Ana cikin wannan gaba sai Durwa, tsohuwar karyar Jibo, ta haihu. 'Yan kwikwiyon suka tashi ba su taɓa ganin ɗan Tasalla a tsakar gidansu ba. Suka zama ƙarti, masu faɗin ƙirji, ga idonsu ja. Hanyar rijiya kuwa ta ƙofar Jibo ta bi, babu wata.

Wata safiya Ɗanlami ya ɗauko tulu, suka yi masa ca. Ya saki tulun ya zura da gudu, babbansu ya cafke shi a sha-raɓa. Da ƙyar masu wucewa suka ƙwace shi.

Tasalla ta kai ƙara gun mai unguwa, aka kira Jibo.

Jibo ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ji daɗi ba. Amma in na kashe su, wa zai kori kura daga awakin unguwar nan? Zan ɗaure su da rana."

Ya ɗaure, suka cinye igiya. Tasalla ta sari ƙaya ta yi shinge, suka tona ta ƙasa. Ɗanlami dai ya warke, ya kuma iya hawa bishiya. Wadda ta hana Tasalla sukuni ita ce Kuluwa, don lokacin ta fara tafiya, ko'ina ta ga ƙofa sai ta nufa. Uwar ta koma goya ta har wajen daka, yarinya tana kuka tana zillo. Kai, tsoro ya ci matar nan har ta rame.

Rannan da hantsi ta je rijiya da tabarya a hannu, sai ta iske tsohuwa Durwa kwance a laimar bakin rijiyar. Ta ɗaga tabarya.

Durwa ta ce, "Sauke, Tasalla. Haƙorana sun zube. Ni da na sha lasar akushinki?"

Tasalla ta ce, "To ki ja wa 'ya'yanki kunne. In suka taɓa mini Kuluwa, ni da ku sai wani ya bar garin nan."

Durwa ta ce, "Ni ma uwa ce, na san abin da ke cin ki. Amma me zan ce musu? An ce su tsare na gida, su kori bare. Ni na san fuskar yaranki, su ba su sani ba. In na ce yarinya ce 'yar ƙarama, ƙananan yara nawa ne a garin? Abu ɗaya zan iya. Zan ce musu kada su ƙara kai baki sai sun kai hanci. Duk hannun da suka ji ƙamshin tukunyar gidanmu a jikinsa, nasu ne. Sauran aikin naki ne."

Kun ji fa inda gizo ke saƙar. Kafin hannun Kuluwa ya yi ƙamshin tukunyar Yalwa, sai Yalwa ta zubo. Kafin ta zubo, sai Tasalla ta fara aikawa. In kuma akushin ya sake dawowa wayam fa? Ga kunya, ga yarinya ba ta tsira ba.

Tasalla ta koma gida ta daɗe tana kallon rumbu. Sai Kuluwa ta ja mata zane tana dariya da haƙoranta biyu. Tasalla ta sauko da akushin, gizo-gizo har ya yi saƙa a ciki. Ta wanke, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya da daddawarta mai kyau. Ba ta aiki yaro ba. Ta je jikin zana da kanta ta miƙa ta sama.

Ta ce, "Yalwa, ga shi."

Aka karɓa. Tasalla ta zauna a kan turmi tana jira, har inuwa ta juya. Ta ce a ranta, shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza.

Sai ta ji sallama. Yalwa ce da kanta, da akushi a rufe, da yaranta a bayanta. Ta buɗe. Ɗan ƙanzo ne aka jiƙa, da romon zomo da bai rufe gindin akushin ba.

Yalwa ta ce, "Yaya Tasalla, abin da ke gidan ke nan. Waccan ranar ko wannan ɗin ma babu. Malam ya yi ta fita daji yana dawowa hannu biyu, tuwonki shi yarana suka kwana da shi. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Tasalla ta rufe baki da gefen zane, sai hawaye. Ta ce, "Ashe yunwa kuke yi ina nan ina fushi! Allah Ya yafe mini."

Aka tara yaran gida biyu a kan akushi ɗaya. Kuluwa ta tsoma hannu har wuyan hannu, ta shafe fuska da romo.

Matan suna can suna hirar yaushe gamo, babu wanda ya ga fitar Kuluwa. Sai haushi suka ji. Tasalla ta fito a guje ba ɗankwali. Ga Kuluwa tsaye a tsakiyar hanya, ga babban karen nan da ya ciji Ɗanlami ya taho kamar an harbo shi. Tsakaninsu da uwar da nisa, ko tsuntsuwa ce ba za ta riga shi ba. Sai ta kurma ihu.

Yarinya ba ta san tsoro ba, sai ta miƙa masa hannu.

Karen ya ja birki har ƙura ta tashi. Ya kai hanci. Ya shinshina, ya sake shinshinawa. Sai ya lashe romon, ya kwanta a gabanta yana kaɗa wutsiya.

Kuluwa ta girma ta yi jikoki a ƙauyen nan, ba tabon haƙori ko ɗaya a jikinta.

Shi ya sa har yau, in kare ya zo gare ka, hannunka yake fara nema da hanci. Tambaya yake yi: kun ci da mutanen gidanmu? Yanzu kuwa an ja katanga har sama, an sa ƙofar ƙarfe, kowa na cin tuwonsa a ɓoye. Ya shinshina ya shinshina bai ji kowa nasa ba, ba dole ya yi ta haushi ba?

Kada dai in ji wani ya je yana miƙa wa karen mutane hannu, ku ba Kuluwa ba ne. Hanne, ɗauko mini mayafina da kwanon nan mai murfi. Tun da mutanen nan suka tare ban aika musu ko ruwa ba. Ni zan shige gaba in yi sallama, a ɗaure karen tukuna. Kai kuma Sagiru, riƙe kwanon da hannu biyu.