Mutumin Da Ya Kulle Kowa Saboda Hular Harafi

An yi wani mutum a garin nan namu na bakin tafki. Ba zan kama sunansa ba, don ni da uwarsa mun tsufa muna shanya kifin usipa wuri ɗaya, har ta rasu ba ta taɓa ɓata min ba. Amma kun san shi. Wasunku ma sun gaishe shi da safen nan.

Ni ce Abiti Twaibu. Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce ke riƙe da alƙalami, kuma na hana ta tausasa ko kalma ɗaya.

Ya 'yan uwa, akwai wani kundin sani a intanet wanda 'yan sa-kai ke rubutawa. Yaranmu suka buɗe masa sashe da harshenmu na Yao. 'Yan tsiraru ne: wani tela a Mangochi, wani malamin firamare, ɗalibai mata, 'yata Asiyatu mai aikin jinya a Zomba, sai mutumin nan.

Duk Asabar Asiyatu takan zo gida. Ta ɗora waya a kan turmi, ta ce, "Iya, kifin nan mai jan ciki, me kakarki ke ce masa?" In faɗa, ta rubuta. Mu yi musu, mu ci tuwon ugali, ta kwana. Tun rasuwar mahaifinta gidana bai ji hayaniya irin wannan ba.

Sai aikin ya buƙaci mai mabuɗi, wanda zai iya share shara ya kuma kulle mai ɓarna, ya hana shi rubutu a kundin. Manyan kundin, can wata ƙasa, ba sa ba mutum mabuɗi sai 'yan sashensa sun rubuta cewa sun yarda da shi. Kuma aro ne: wa'adi na cika, sai a sake tambayar jama'a. Mutumin nan ya nema, kowa ya sa hannu. 'Yata ce ta fara.

Me aka ba shi, jama'a? Tsintsiya aka ba shi. Shi kuwa ya ɗauka sanda ce.

Wai akwai wani harafi a rubutunmu da ake ɗora wa 'yar hula. Wayar Asiyatu ba ta da wannan hula, sai ta riƙa rubutawa haka nan. Ya goge mata aikin. Ta mayar, ta ce ya ɗora hular ya bar mata sauran. Ya sake gogewa. Da ta ɗaga murya, ya kulle ta kullewar har abada, ya rubuta a gefen sunanta: mai ɓarna. Da sunanta na yanka take rubutu. Duk wanda ya neme ta a waya, abin da zai gani ke nan.

Tela ya ce wannan zalunci ne, aka kulle tela. Malami ya tambayi dalili, aka kulle malami. Ɗaliban nan, waɗanda bai kulle ba suka gudu da kansu.

Asiyatu ta daina ɗora waya a turmi. Daga baya ta daina zuwa duk Asabar. Sai ta karɓi canjin aiki zuwa Lilongwe. Ta ce da ni, "Iya, ba na son jin kalmar Yao ko ɗaya yanzu." To da wane harshe zan kira ta?

Na tare mutumin a kasuwa, gaban masu kifi. Na ce, "Kai, ni na goya ka ranar da uwarka ke zazzaɓi. Buɗe min 'yata."

Ya ce, "Iya, wannan ba harkar kifi ba ce. Ƙa'ida ce."

Na ce, "Ƙa'idar hula? Kai da ko masallaci kake zuwa da kai tsirara?"

Kasuwa ta fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya juya ya tafi, yana shafa waya kamar mai lallashin jariri.

Ya zauna shi kaɗai a cikin kundin, yana bi shafi shafi yana ɗora huluna. Ba mai musa masa. Ya ɗauka wannan shi ne zaman lafiya.

Sai wa'adi ya matso. Ya rubuta neman goyon baya, ya bar fili a ƙasa don masu sa hannu. Filin ya zauna fayau. A lokacin mabuɗin na hannunsa, zai iya buɗe kowa ya ba su haƙuri. Girman kai ya hana shi. Wa'adi ya cika, mabuɗi ya mutu. Manyan suka ce ba sa shiga rigimar gida, ya kawo jama'arsa.

Wace jama'a?

Ran nan da la'asar sai ga shi a ƙofata, ya rame, ya tsuguna. Ya ce, "Iya, ki roƙar min Asiyatu ta sa min hannu."

Na ce, "Da wane hannun? Ba kai ka ɗaure shi ba?"

Ya ce in ya samu mabuɗi zai buɗe ta. Na ce, "Ba mabuɗi sai ta sa hannu, ba hannu sai da mabuɗi. Kai da ka yi boko, warware min."  Muka zauna, shi da ni, mutum biyu da ba mai ziyarta. Na ba shi ruwa saboda uwarsa. Ban ba shi kujera ba.

Ya 'yan uwa, duk mabuɗin da jama'a suka ba ka, amana ce, kuma za a zo karɓa. Wanda ya kori masu gyara masa, ya kori masu yi masa shaida. A nan duniya ma ke nan, ina ga ranar da za a ce kawo wanda ya yarda da kai?

Amma ban zo don ku girgiza kai ku tashi ba. Har yau kalmar nan na manne da sunan 'yata. Ku masu waya a jaka, ku shiga kundin nan ku yi rubutu, da hula ko ba hula. Ku taru ku zaɓi mai tsoron Allah, ya buɗe Asiyatu, ya goge mata wannan ƙazafi. Turmin na nan inda ta bar shi, kuma akwai sunayen kifin da ban faɗa mata ba tukuna. Ni kuwa ba yarinya ba ce.

Allah ya kiyaye mu da riƙon da ke raba mutum da mutane. Allah ya maido min da Asabar ɗina kafin a rufe ni. Amin.