Mai Awara da Jan Farce

Akwai wata mace mai yin awara, da ita take ciyar da 'ya'yanta. Kullum hannunta yana cikin ruwa: ta jiƙa wake, ta tace, ta matse. Ana nan sai farcen babban yatsanta ya yi rawaya, ya yi kauri, ya fara marmashewa. Bayan sujada a coci ta nuna wa Mama Damaris, wadda take aikin jinya a ƙauyensu.

Mama Damaris ta ce, "'Yata, cuta ce mai son damshi. Ki yanke farcen, ki riƙa shanya hannu bayan aiki, ki sa safar hannu ta roba, ki shafa magani kullum har sabon farce ya fito. Zai ɗauki watanni."

Matar ta ce, "Watanni, Mama? Masu saye fa suna kallon hannuna."

A hanyar gida ta sayi jan farce, ta shafe yatsun goma. Kai, abin ya yi kyau, har maƙwabta suna yabawa! Da jan ya ɓare sai ta ƙara wani a kai. Ba ta sake ganin ciwon ba, don haka ta ce ya warke. Amma damshi ya sami rufi, cutar ta ci ta ƙoshi, ta haye yatsu uku.

Ranar taron zumuntar mata aka ce ta kawo awara tire guda. Tana cikin rabawa, sai wata tsohuwa ta tsamo wani abu ja daga cikin yajinta, ta ɗaga shi sama. Farce ne. Kowacce dai ta ajiye tata. Kafin mako ya zagayo, ba mai tsayawa a gaban kaskonta.

Ma'anar wannan misali ita ce: farcen nan zuciyar mutum ce, cutar kuwa zunubi ne da yake ci a ɓoye. Jan farcen shi ne kayan Lahadi, da zaƙin murya a ƙungiyar mawaƙa, da "Lafiya lau" idan an tambaye mu. Tuba tana da jinkiri, tana kuma sa mutane su ga munin yatsanka na ɗan lokaci. Matar nan ta ji kunyar masu saye su ga hannunta, ta ƙare ikilisiya duka ta gani. 'Yan'uwa, wanda ya shafe wani abu, yă je yă kankare yau.