Jan Zaren da Marleny Ba Ta Ɗaura Ba

Akwai wata nas a wani ƙauye kan duwatsun Guatemala, Ofelia Tzoc. Mutuniyar kirki ce, sai dai ta yarda da fom ɗinta fiye da idonta. Tambayoyi goma take yi wa masu jego don gano ciwon damuwa. In amsoshin sun yi kyau, ta buga hatimi, shi ke nan.

Wata rana Marleny ta kawo jaririnta awo, surukarta Doña Chabela na biye da ita, don maijego ba ta fita ita kaɗai kafin arba'in.

"Kina dariya kamar da?" Ofelia ta tambayi Marleny.

"Har da ƙyaƙyatawa!" in ji surukar. "Kullum romon kaza nake ɗura mata, me zai dame ta?"

Marleny ta gyaɗa kai. Duk tambayoyin, lafiya lau. Ofelia ta buga hatimi.

Tana ɗora yaron a sikeli sai ta ga hannunsa wayam. A ƙauyen nan ba uwar da ke fito da jariri ba jan zaren tsarin kambun baka. Sai Ofelia ta juya wurin surukar.

"Inna, don Allah sayo mana kunun masara, yunwa za ta kashe ni."

Tsohuwa na fita, Ofelia ta ture fom gefe. "Ƙanwata, ina zarensa?"

Marleny ta zaro shi daga ɗamararta. "Sati uku yana nan. In na ɗauko sai in ji ban isa zama uwarsa ba. Jiya na daɗe tsaye a bakin kwazazzabo ina tunanin afkawa ciki, Yaya."

"Me ya hana ki faɗa ɗazu?"

"A gaban Inna? Bayan ta yanka min kajinta shida?"

Kunya ta kama Ofelia. Ta soke hatimin, ta kira likita, sannan da yardar Marleny ta zaunar da tsohuwa ta yi mata bayani.

Doña Chabela ta yi kuka sosai. "Ni kaji kika ɗauka sun fi min ke, 'yar nan?" Ta riƙe hannun jikanta, Marleny ta ɗaura zaren da kanta.

An ɗauki watanni ana magani, amma ta warke. Har yau duk surukar da ta rako maijego, Ofelia sai ta aike ta sayen kunu.

Darasi: Fom na taimakawa, amma abin da baki ya iya faɗa kawai yake ɗauka. Ku tambayi maijego ita kaɗai, ku dube ta da kyau. Ku tura wa duk mai maijego a gida.