Sunan da Ya Ƙare a Kan Sadok

A unguwarmu ta Yahudawan Maroko da ke Montreal a Kanada, Sadok Wanunu ne mai yankan dabbobi. Mutum ne mai girman kai, kuma da sunansa yake taƙama. Sadok sunan babban limamin Haikali ne a zamanin Sarki Sulaiman, ma'anarsa mai gaskiya. Shi ne mutum na shida da aka raɗa wa sunan a gidansu.

A addininmu, in bakin wuƙar yanka ya ɗan ɓantare, ko da kamar silin gashi ne, naman ya haramta. Da farce ake shafawa a ji. To, ciwon sukari ya kashe wa Sadok yatsu, ba ya jin komai da su. Ya sani, amma ya ɓoye.

Matarsa Friha ta ce, "Maigida, ka kai wa malamin majami'a wuƙar nan ya duba mana."

Ya ce, "Ni Sadok? Yaron da aka yi wa kaciya a gabana ne zai duba mini wuƙa? Je ki ji da tukunyarki."

Haka ya yi shekara biyu yana yanka. Wata Alhamis malamin ya shigo mayanka ba sanarwa, ya shafa wuƙar. Sau uku farcensa yana tsayawa.

Ya ce, "Baba Sadok, tun yaushe?"

Sadok ya kalli hannunsa.

A makon nan kowane gida ya zubar da nama. Tukwanen ƙasa da aka dafa naman a ciki ba sa tsarkakuwa, sai fasawa. Friha ta fasa wadda uwarta ta ba ta a Meknes, can Maroko, tana kuka. Ba wanda ya zagi Sadok, kujerun gefensa ne kawai suka zama ba kowa a majami'a.

Bayan wata huɗu aka haifa wa ɗansa Mesod ɗa namiji. A al'adarmu jikan fari sunan kakansa yake ɗauka, ana faɗa ranar kaciya. Sadok ya zo da sabuwar jallabiya. Aka sanar da suna: Natan.

Sadok ya riƙo rigar Mesod. "Ɗana, sunan gidanmu fa?"

"Baba, da jikokin mutanen da ka ciyar da haram zai shiga makaranta. Ba zan ɗora masa ba."

Sadok ya ƙara shekara tara a duniya. Har yau ba a sake raɗa wa yaro sunan a unguwarmu ba.

Darasin shi ne, suna mai kyau amana ce, ba shaida ba. Wanda ya ɓoye gazawarsa don kare sunansa, shi da kansa zai kashe sunan, har ya hana na baya gadonsa.