Ai Bakin Ya Shiga

An yi wani tela da ake wa laƙabi da Yanzu-Yanzu, saboda bai iya jiran komai ba. Ko shayi aka zuba masa sai ya ƙona harshe. Amma Allah ya ba shi hannu. Wata takwas ya yi yana ƙera ɗan ƙaramin jirgin sama da farin soson da ake naɗo firji a ciki, irin jirgin da ake tuƙawa da rimot. Matarsa, wadda har yanzu dangi ke kira Amarya, ita ke riƙe masa fiffike idan zai shafa gam. Ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barin abu. Wani lokaci tana shara sai ta tsaya tana kallon jirgin a kan teburin yanka, tana mamakin yadda soso da waya suka zama abu mai kama da tsuntsu.

Ranar da aka gama aikin, mahaifin telan yana gidan. Ya zo ganin likita, washegari da sha biyun rana zai koma. Ya zagaya jirgin, ya taɓa shi da sanda.

"Wai wannan ne zai tashi? Kai dai da ka riƙe allurarka."

"Baba, da idonka za ka gani kafin ka tafi."

Abu ɗaya ya rage. Batirin jirgin ya kusa ƙarewa wajen gwaji, cajarsa kuma ta musamman ce, ba a sa ta a bango kai tsaye, sai an haɗa ta da adafta. Maƙwabcinsu mai gyaran rediyo ya shigo gaida Baba, aka nuna masa. Ya gyara tabarau, ya juya cajar.

"Tela, dubi nan. Sha ɗaya zuwa sha takwas. Wannan shi ne bolt, ƙarfin da wutar ke turowa da shi. Idan ya wuce haka, ta ƙone. Ampiya kuma yawan wutar ne, shi ko ya yi yawa ba laifi, iya cikinta za ta sha. Ɗana ya ari wata adafta tawa mai bolt sha biyu, ampiya goma. Gobe ƙarfe tara zan karɓo maka. Awa ɗaya batirin ya cika."

"Har gobe, Malam?"

"Goben ma ai kamar yanzu-yanzu ne," in ji shi yana dariya.

La'asar ba ta yi ba telan ya kasa zama. Ya je shago ya ciro adaftar fitilun allon ƙofarsa, ya gwada bakinta a jikin cajar. Ta zauna daram.

Amarya ba ta yi nisa a makaranta ba, amma ta san lamba. Ta leƙa bayan adaftar, ta ga 24. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta buɗe baki, don surukinta na zaune.

"Maigida, kamar wannan ashirin da huɗu ce. Malam ya ce sha takwas."

"Iye! Yau kuma injiniya muka samu a gidan? Ai bakin ya shiga, Amarya. Da ba tata ba ce, da ba ta shiga ba."

Ya kunna soket. Fuskar cajar ta yi haske shuɗi, kyakkyawa, na daƙiƙa biyu. Sai tas! Wani siririn hayaƙi ya fito, ɗakin ya ɗauki warin ƙonanniyar roba.

Da safe ƙarfe tara daidai mai gyaran rediyo ya yi sallama da adaftar a hannu. Ya buɗe cajar, ya nuna musu wani baƙin abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya fashe. Amarya ta riƙe haɓa. Ashe duk tashin jirgin nan a kan wannan ɗan abu ya rataya.

"Sai an yi odar wata," in ji mai gyaran. "Kada ka tashi jirgin da ragowar wutar nan."

Amma jakar Baba na bakin ƙofa. Telan ya ɗauki jirgin suka fita filin bayan gida.

Farfela ta yi ƙara kamar ƙudan zuma dubu. Jirgin ya yi gudu a ƙasa, ya ɗaga hanci, sai ga shi a iska. Ya wuce katanga, ya wuce saman bishiya, rana na walƙiya a fiffiken da matar telan ta sha riƙewa da hannunta. Amarya ta manta da kunya, ta ji muryarta tana cewa, "Ya tashi! Wallahi ya tashi!" Baba ya saki sandarsa ta faɗi, baki buɗe, yana ta maimaita "Ikon Allah!"

Sai ƙarar ta ɗauke. Wuta ta ƙare. Jirgin ya yi shiru a sama kamar yana tunani, ya karkata, ya sulmiyo ya daki katanga. Aikin wata takwas ya watse a ƙasa.

Baba ya tako a hankali ba sanda, ya ɗauki ɓarin fiffike, ya kakkaɓe ƙurar da hannun rigarsa.

"Ɗana, na gani. Kai ka yi wannan, kuma ya tashi." Ya juya ɓarin a hannunsa. "Na so in ga yadda yake sauka."

Da suka koma gida ya sa shi cikin jakarsa, ya tafi da shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, shigar bakin adafta ba ita ce dacewarta ba. Kafin ka haɗa caja da wuta, karanta abin da aka rubuta a jikinsu duka biyu: bolt ya tsaya cikin iyakar da aka ce, ampiya kuma ya wadata. Idan masani ya ce ka jira gobe, ka jira. Kuma idan mai ƙaramar murya a gidanka ya daure ya yi magana, ka duba abin da yake nuna maka kafin ka yi masa dariya.