Ranar da Teku Ya Tafi Unguwa

Kai Ɗantani, cire hannunka daga kwanon ƙanwarka! Yaran yanzu ba kunya, ba tambaya, sai haɗama. Ku zauna. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara yunwa ta kori Gizo har wani garin masunta can nesa, a bakin teku, tsibirai uku a gabansa. Al'adarsu, duk tsibirin da baƙo ya sauka sai a ba shi kifi, shi kuma ya bar ɗaya a jirgi, rabon mai fito. Mai fiton kuwa Zalɓe ne.

A tsibirin farko aka ba Gizo kwando guda. Zalɓe ya ce, "Baƙo, ina na jirgi?"

"Sai gaba."

A na biyu aka ƙara masa ƙwarya.

"Baƙo, na jirgi fa?"

"Haba, gudu zan yi? Sai gaba."

A na uku aka cika masa buhu. Da ya waiwaya sai ya ga ruwa ya janye, ga yashi shimfiɗe har gari. Ya daka tsalle, da tsamin bakin nan nasa, "Yuwa ya ƙafe! Mai dogon wuya, kama gabanka. Wa ke biyan fito a kan tudu?"

Zalɓe ya ce, "Baƙo, ruwan nan unguwa ya tafi. Kafin la'asar zai dawo."

"Ni za ka koya wa yuwa? A gayinmu in kogi ya tafi, sai damina."

Ya ɗauki kaya ya miƙa. Yana tsakiya ya ji sanyi a idon sawu, ya yar da kwando. Ruwa ya kai gwiwa, ya yar da ƙwarya. Ya kai wuya, buhu ma ya tafi. Da ƙyar ya ɗare turken da masunta suka kafa taru, ya yayyaga tarun garin hawa.

Can sai ga Zalɓe yana tuƙi, ko gaggawa babu.

"Baƙo, bana damina ta yi wuri, ko?"

"Ɗauke ni, babban yaya!"

"Ina na jirgi?"

Ba kifi ko ƙaya. Gizo ya tuɓe riga da hula ya miƙa. Masunta kuma suka zaunar da shi saƙar sabon taru. Har yau saƙar yake yi, amma ba ya kama komai sai ƙuda.

Wanda ya je garin mutane, ya ji maganar masu gari, ya ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ƙungurus kan kusu, ku tashi ku ba ni wuri.