Ranar da Wahab Ya Kasa Shiga Kabarin Mahaifinsa

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Nima mai suna Wahab, atamfa da shadda yake sayarwa. Tunda kasuwa ta buɗe masa, jiki ma ya buɗe. Koko da ƙosai da safe, waakye, wato shinkafa da wake, da soyayyen nama da rana, tuwo malmala uku, lemon kwalba kuwa kamar ruwa. Maƙwabtan shago suna tsokanarsa da Obolo, wato mai ƙiba, shi kuma ya shafa tumbi ya ce, "Hutu ne, ba ciwo ba."

Amininsa Kassim, kafinta a unguwar Maamobi, shi kaɗai ya iya faɗa masa gaskiya.

"Wahab, daga shago zuwa masallaci sau biyu kake tsayawa kana haki. Zo mu je a duba ka."

"Kai da kake kamar sillen kara za ka koya mini lafiya? Hassada ce kawai."

Daga ranar Wahab ya daina amsa sallamar Kassim.

Ana nan, mahaifin Wahab ya rasu. A maƙabarta liman ya ce babban ɗa ya shiga ya karɓi gawar. Wahab ya iso bakin kabari, gwiwoyinsa suka ƙi lanƙwasuwa, jiri ya ɗebe shi, ya zauna daɓas a ƙasa. Da kunnensa ya ji wani yana raɗa, "Ko ya shiga, wa zai fito da shi?"

Sai Kassim ya matso. Ya cire takalmi, ya sauka, ya kwantar da tsohon.

Washegari likita ta auna Wahab: hawan jini da ciwon suga. Ta ce in bai rage nauyi ba, zuciyarsa ba za ta ɗauke shi da nisa ba.

Bayan sadakar bakwai, da asuba, ya tarar da Kassim a ƙofar gida.

"Sa takalmi, mu taka zuwa titin Kanda."

"Bayan abin da na yi maka?"

"Baba ya ciyar da mu a kwano ɗaya. Sa takalmi."

Ranar farko ko kwanar layinsu bai wuce ba. Kassim ya jira shi. Matar Wahab, Zalia, ta rage mai da gishiri, ta ƙara ganye, duk gidan suka koma cin irin nasa don kada ya ji an ware shi. Sau biyu yana cewa ya gaji, sau biyun Kassim yana zama a dakali har sai ya fito.

Wahab bai zama siriri ba, amma jininsa ya sauka. Bayan wata goma, mutumin da ya shekara uku yana salla a kan kujera ya kai goshinsa ƙasa. Ya daɗe bai ɗago ba.

Da aka sallame ya riƙe hannun Kassim, idonsa jawur.

"A sujadar nan, bayan iyayena, sunanka na fara ambata."

Darasi: Ƙibar da ta wuce kima ba alamar hutu ba ce, kuma mai faɗa maka gaskiya a kan lafiyarka ba maƙiyinka ba ne. Kada ka yi wa mai ƙiba dariya, kama hannunsa ku taka tare. Tura wannan ga wanda kake so ya daɗe a raye.